Dokar Mugayen Karnuka A Ingila: Kama Ake Bi Ko Hali?

Ran 1 ga watan Fabrairu, 2024, wata doka ta fara aiki a Ingila da Wales wadda ta sa dubban masu karnuka cikin zullumi. Daga ran nan duk wanda aka same shi da wani irin kare da Turawa ke kira XL Bully, ba shi kuwa da takardar izni ta Gwamnati, to, ya yi laifi. Ana iya ɗaure shi har wata shida, a ci shi tara, a kuma ƙwace karen a kashe. Ba sai karen ya ciji wani ba, ba sai ya taɓa tunkiyar kowa ba. Girmansa da kamanninsa sun isa a kama shi.

Wannan magana ta shafi manomi, domin kare abokin aikinsa ne wajen gadin gida da garke da farauta. Ta kuma shafi 'yan kasuwa da ma'aikata na birane, waɗanda ke sayen manyan karnukan ƙasashen waje don tsaron gida da kanti. Mutanen Ingila sun fi shekara talatin suna gardama a kan tambaya guda: idan ana so a tsare jama'a daga mugun kare, irin karen za a bi, ko kuwa halinsa da halin mai shi? Ga yadda abin ya gudana a can.

Mafarin Dokar

Cikin shekarar 1991 jaridun Ingila suka cika da labarun karnuka da suka yi wa mutane kaca-kaca. Wanda ya fi tayar da hankali shi ne na wata yarinya 'yar shekara shida a birnin Bradford, wadda wani kare irin Pit Bull ya yi wa munanan raunuka. Jama'a suka tashi, suka ce lalle Gwamnati ta yi wani abu. A lokacin John Major ne Firayim Minista, Kenneth Baker kuwa shi ne Ministan Harkokin Cikin Gida. Cikin 'yan makonni aka rubuta doka, Majalisa ta amince da ita, ta fara aiki a watan Agusta na shekaran nan. Sunanta Dokar Mugayen Karnuka ta 1991.

Dokar tana da manyan sassa biyu. Na farko ya haramta irin karnuka huɗu. Akwai Pit Bull, wanda asalinsa karen faɗa ne, da Tosa na ƙasar Japan, shi ma na faɗa, da Dogo Argentino na Ajantina, wanda ake farautar aladen daji da shi (sunan nan nasa ba shi da haɗi da dogo na Hausa), sa'an nan da Fila Brasileiro na Barazil. Aka hana a haɗa su barbara, aka hana sayarwa, da kyauta, da talla, da yasarwa a titi. Wanda ya riga yana da ɗaya aka ba shi wa'adi ya sa sunansa cikin wani littafin rajista na Gwamnati. Kafin a rubuta shi sai an fiɗiye karen, an yi masa lamba a jiki, mai shi ya biya inshora saboda ɓarnar da zai iya yi wa wani. In za a fita da shi kuma sai da takunkumi a baki da igiya a wuya, kuma kada mai riƙe igiyar ya gaza shekara 16.

Sashe na biyu bai kula da iri ba. Ya ce kowane kare, babba ko ƙarami, in ya ƙwace wa mai shi har ya sa mutum tsoron zai ji masa rauni, to, mai shi ko wanda ke riƙe da shi ya yi laifi. A kan wannan sashe ba a yi wata gardama mai yawa ba. Rigima duk a kan na farko take.

Yadda Ake Gane Haramtaccen Kare

Mai karatu zai zaci ana duba asalin kare ne, watau uwarsa da ubansa. Ba haka ba ne. Kalmar da dokar ta yi amfani da ita ma'anarta ta fi kusa da siffa, kuma a 1993 Babbar Kotu ta tabbatar cewa siffa ta fi asali faɗi. Saboda haka ɗan sandan da aka koya wa aikin shi ke zuwa da magwaji, ya auna tsayin kare, da faɗin kansa, da ƙirjinsa, da tsawon bakinsa, ya gwada da bayanin Pit Bull da wata ƙungiyar masu kiwon karnuka ta Amurka ta rubuta cikin shekarun 1970. In yawancin siffofin sun yi daidai, shi ke nan, karen ya zama haramtacce, ko da kuwa iyayensa biyu halattattu ne.

Abin da wannan ke haifarwa shi ne, karya guda ta haifi 'ya'ya biyar a rana ɗaya, su girma, a auna su, a ce biyu haramtattu ne, uku kuwa ba laifi. Ɗan kwikwiyo kuma ba a iya yanke masa hukunci sai ya gama girma, don haka mutum na iya renon kare wata tara ko goma bai san abin da magwaji zai ce ba. Hausawa dai sun ce kama da wane ba ta wane, amma a wannan doka kama ita ce wane.

Har wa yau akwai wani abu da lauyoyi suka yi ta kuka da shi. A al'adar shari'ar Ingila mai ƙara shi ke kawo hujja. A nan sai aka juya abin. In 'yan sanda suka ce kare Pit Bull ne, kotu za ta ɗauka haka ne, sai mai shi ya kawo masani ya tabbatar ba haka ba ne. Kuɗin masani da na lauya kuwa ba kowa ke da su ba. Kafin a gama shari'a karen na tsare a wurin da mai shi bai sani ba, wata da watanni, wani lokaci shekaru.

Labarin Karnuka Biyu

Dokar 1991 yadda aka fara rubuta ta ba ta bar wa alƙali zaɓi ba. In laifi ya tabbata, tilas ya ba da umurni a kashe karen. A 1992 a Landan an fita da wata karya mai suna Dempsey, wadda ke cikin rajista, da takunkuminta yadda doka ta ce. Sai amai ya taso mata. Wanda ke riƙe da ita ya cire takunkumin don kada ta shaƙe. 'Yan sanda suka gani, aka kai ƙara, kotu ta ce a kashe ta, ga shi kuwa ba ta ciji kowa ba. Aka yi shekara uku ana ɗaukaka ƙara tana tsare. Labarinta ya kai har Faransa, inda shahararriyar 'yar wasan nan Brigitte Bardot ta ce a ba ta karyar ta riƙe. A watan Nuwamba, 1995, Babbar Kotu ta sake ta, dalili kuwa shi ne ba a sanar da mai karyar zaman kotun farko yadda ya kamata ba. Da ba don wannan kuskure na takarda ba, da an kashe ta.

Na biyu bai yi wannan sa'a ba. Ayaland ta Arewa tana da doka irin wannan tata ta kanta. A watan Mayu, 2010, ma'aikatan hukumar birnin Belfast suka auna wani kare mai suna Lennox, suka ce siffar Pit Bull gare shi, suka tafi da shi. Iyalin da ke da shi suka ce bai taɓa cizon kowa ba. Hukumar birni ta ce masaninta ya gwada shi ya ga ba abin amincewa ba ne. Aka yi shekara biyu ana shari'a, mutane daga ƙasashe dabam-dabam suka yi ta roƙo a bari a fitar da shi ƙasar waje. Kotuna suka tsaya a kan hukuncinsu, aka kashe shi ran 11 ga watan Yuli, 2012.

Gyare-Gyare

Irin shari'ar Dempsey ta sa Majalisa ta koma kan dokar a 1997. Aka ba alƙali iko, in ya gamsu kare ba zai zama haɗari ga jama'a ba, ya bar shi da rai, a sa shi cikin rajista bisa sharuɗɗan nan da aka ambata. Amma ba a taɓa maganar siffa ba, kuma hanin sayarwa da kyauta yana nan. Don haka gidajen da ke tattara ɓatattun karnuka, kamar tsohon gidan nan na Battersea a Landan wanda aka kafa tun 1860, in aka ce kare haramtacce ne ba su da ikon ba wani ya riƙe, kome kyan halinsa. Sai dai likitan dabbobi ya yi masa allurar mutuwa.

A 2014 aka sake gyara, wannan karon a sashen da ya shafi kowane kare. Da can laifin ya fi tsayawa a titi da wuraren jama'a. Masinjojin gidan waya suka yi ta kuka, domin yawancin cizon da suke sha a ƙofar gidajen mutane ne. Sai aka faɗaɗa dokar ta shiga har cikin gidan mai kare. Aka kuma ƙara hukunci: in kare ya kashe mutum, ana iya ɗaure mai shi har shekara 14, in rauni ne, har shekara 5, in ya faɗa wa karen da ke yi wa makaho jagora, har shekara 3. Daga watan Afrilu, 2016, kuma aka wajabta a sa wa kowane kare wani ɗan ƙanƙanin abu kamar ƙwayar shinkafa a ƙarƙashin fata, mai ɗauke da lamba, wanda in an haska na'ura za a san mai karen da inda yake zaune.

Sabon Kare, Tsohuwar Hanya

Yayin da ake tsare da iri huɗun nan, masu kiwon karnuka a Amurka sun riga sun haɗa Pit Bull da waɗansu manyan karnuka sun fitar da wani sabon iri. Mafi girma a cikinsu shi ne XL Bully, wanda kan kai kilo 50 ko fiye, watau nauyin buhun taki. Ya fara shiga Ingila wajen 2014, ya yi kasuwa ƙwarai lokacin annobar korona, sa'ad da mutane ke zaune a gida suna neman kare ido rufe, 'yan neman kuɗi kuma suna ta haɗa barbara ba kula.

Daga nan sai mace-mace suka biyo baya. A watan Nuwamba, 2021, irin wannan kare ya kashe wani yaro ɗan shekara goma a garin Caerphilly na Wales. A watan Satumba, 2023, aka ɗauki hoton wani yana faɗa wa wata yarinya 'yar shekara 11 a titin Birmingham, 'yan kwanaki kaɗan kuma waɗansu biyu suka kashe wani magidanci a wani ƙauye na lardin Staffordshire. Ran 15 ga watan nan Firayim Minista Rishi Sunak ya ce za a haramta irin. Daga ran 31 ga Disamba, 2023, aka hana sayarwa da kyauta da barbara, aka wajabta takunkumi da igiya. Daga 1 ga Fabrairu, 2024, sai mai takarda kaɗai ke da ikon riƙewa.

A lokacin rajistar, kuɗin takardar fam 92 ne da fence 40. Wanda ya zaɓi a kashe karensa kafin wa'adi, Gwamnati ta ba shi fam 200 ya rage kuɗin likita. Wajen ganewa kuwa aka koma ga magwaji: namijin da tsayinsa daga ƙasa zuwa doron kafaɗa ya kai inci 20, macen da ta kai inci 19, in sauran siffofi sun yi daidai, sun shiga. Da farko Gwamnati ta ƙiyasta karnukan nan wajen 10,000 ne a Ingila da Wales. Da aka gama rajista sai ga fiye da 55,000. Wannan ya nuna hukuma ba ta san yawan abin da take shirin haramtawa ba. Ba mamaki, domin tun 1988 aka soke lasisin kare a Ingila, wanda aka daɗe ana biyan sule bakwai da sisi, har kuɗin karɓarsa ya fi abin da ake samu.

Sikotland da farko ta ƙi bin sawu. Da aka ga ana ta kwaso karnukan ana tsallaka iyaka da su, sai ita ma ta kafa hani daga watan Fabrairu, 2024. Ayaland ta Arewa ta biyo baya cikin shekaran nan. Masu karnuka sun tara kuɗi sun kai ƙara Babbar Kotu, amma a watan Disamba, 2024, kotu ta bar dokar a tsaye.

Abin Da Kowane Ɓangare Ke Cewa

Masu goyon bayan hanin suna da hujja mai ƙarfi. Suka ce kowane kare na cizo, gaskiya ne, amma cizon ƙaramin kare ɗinki ne a asibiti, na kare mai kilo 50 kuwa jana'iza ce. In irin wannan ya kama mutum, ƙato biyu ba sa iya ɓanɓare shi. Suka ce dokar da ke jira sai kare ya yi laifi tukuna, ai jira take a kashe ɗan wani, kuma ba uwar da za ta yarda ɗanta ya zama abin gwaji.

Masu suka kuwa, cikinsu har da ƙungiyar likitocin dabbobi ta Birtaniya da tsohuwar ƙungiyar hana zaluntar dabbobi wadda ake kira RSPCA, suka ce a duba lissafi. A wani rahoto da RSPCA ta fitar a 2016 ta ce cikin mutum 30 da karnuka suka kashe tun 1991, mutum 21 karnukan da ba a haramta ba ne suka kashe su. A 2018 kwamitin Majalisa mai kula da harkokin noma da karkara ya yi bincike, ya ga yawan waɗanda ake kwantarwa asibiti saboda cizon kare ya ƙaru da kashi 81 cikin ɗari tun 2005. Suka ƙara da cewa XL Bully kansa shaida ne: an toshe ƙofa huɗu, masu son mugun kare suka huda ta biyar, kuma ba abin da zai hana su huda ta shida.

Sa'an nan ga maganar kuɗi. Shugabannin 'yan sanda sun ce abin da suke kashewa wajen ajiye karnukan da aka kama da biyan likitoci ya tashi daga fam miliyan 4 a 2018 zuwa fiye da fam miliyan 11 cikin wata takwas na farkon sabon hanin. Kowane fam da ya tafi wajen ciyar da karen da ke jiran magwaji, an rasa shi wajen bin mutumin da ke sakin karensa a unguwa.

Waɗansu ƙasashen sun gwada sun janye. Holan ta haramta Pit Bull a 1993, ta soke hanin a 2008, da bincike ya nuna cizo bai ragu ba. Italiya ta taɓa rubuta iri 92 cikin jerin masu haɗari a 2003, ta rage su zuwa 17, a 2009 ta yar da jerin ɗungum ta ɗora nauyi a kan mai kare. Waɗansu kuwa sun bi hanyar Ingila, kamar Denmak wadda ta haramta iri 13 a 2010. Har yanzu dai ba a yi ittifaƙi ba.

Hanyar Da Ke Bin Hali

Akwai wata hanya da ta girmi dokar 1991 nesa. Tun 1871 Ingila ke da dokar da ta ba ƙaramar kotu iko, in an kawo ƙara cewa kare wane mugu ne kuma ba a tsare shi yadda ya kamata, ta umurci mai shi ya tsare shi, ko ta ce a kashe shi. Ba ruwan wannan doka da iri. Shaidu take bi.

Jihar Victoria ta ƙasar Ostareliya ta tsara wannan hanya daki-daki cikin dokarta ta 1994. Ita ma tana da jerin haramtattun iri, amma ban da shi hukumar gari na iya shelanta kare guda ɗaya bisa aikinsa. Matakin farko shi ne a ce kare mai barazana ne, in ya kori mutum ko ya yi cizon da bai yi tsanani ba. Mataki na biyu a ce mugu ne, in ya yi wa mutum ko dabba mummunan rauni ko ya kashe. Kafin a shelanta sai an rubuta wa mai shi, an ji ta bakinsa, yana kuma da ikon ɗaukaka ƙara. In an shelanta, sai a fiɗiye karen, a ɗaura masa wani abin wuya mai ratsin ja da rawaya wanda kowa zai hango daga nesa, a gina masa keji wanda yaro ba zai iya shiga ba, a kafa allon gargaɗi a ƙofar gida, in an fita kuma da takunkumi da igiya. Abin da 'yan kasuwa za su so sani, a can karen da aka ajiye don gadin kanti ko ma'aikata, da wanda aka koya wa kai hari, doka na ɗaukarsa mugu tun kafin ya yi kome, domin aikin da aka sa shi ke nan.

Dokar Manoma

Manoman Ingila suna da tasu dokar, ita ma ba ta tambayar irin kare. Dokar Tsare Dabbobi ta 1953 ta ce laifi ne kare ya faɗa wa dabbobi ko ya kore su a gonar wani, daga baya aka ƙara da cewa ko sakinsa ba igiya cikin filin da tumaki suke laifi ne, sai fa karen makiyayi da irinsu masu aiki. Dalili kuwa kowane makiyayi ya san shi: ba sai haƙori ya taɓa tunkiya ba. In aka kore ta tana da ciki sai ta yi ɓari, 'yan raguna su ɓace wa iyayensu, waɗansu su faɗa rami ko ruwa.

Wata doka ta 1971 ta ɗora wa mai kare biyan diyyar dabbar da karensa ya kashe ko ya raunana. Ta kuma ba manomi kariya in ya harbe karen da ya tarar yana ɓarna a garkensa, muddin ba wata hanyar da zai hana shi, kuma ya sanar da 'yan sanda cikin awa 48. Duk da haka ɓarna ba ta ƙare ba. Kamfanin inshorar manoma na NFU Mutual ya ƙiyasta dabbobin da karnuka suka kashe ko suka raunana a 2023 sun kai na fam miliyan 2 da dubu 400. Shekaru da yawa tarar wannan laifi ba ta wuce fam 1,000 ba, manoma suka yi ta cewa ta yi kaɗan. A 2021 Sikotland ta ɗaga tata zuwa fam 40,000 ko ɗaurin shekara guda.

Masu wannan ɓarna kuwa sau da yawa karnukan gida ne na mutanen birni da suka fito shan iska, suka kwance igiya, suna rantsuwa nasu ba ya taɓa kome. Tunkiyar da ta yi ɓari ba ta san ko inci nawa ne tsayin wanda ya kore ta ba.

Darasin Takunkumi

Akwai wani tsohon labari da ya dace a tuna. A ƙarshen ƙarni na 19 ciwon haukan kare yana kashe mutane a Ingila. A 1897 shugaban Hukumar Aikin Gona, Walter Long, ya ba da umurni a sa wa karnuka takunkumi a duk yankin da ciwon ya ɓulla, a kama waɗanda ke yawo ba mai su, a kuma tsananta sharuɗɗan shigo da kare daga ƙasar waje. Masu karnuka suka zage shi ƙwarai, suka tara sa hannu a cire shi. Bai janye ba. Zuwa 1902 ciwon ya ƙare. Ya sake shigowa a 1918 ta hanyar karnukan da aka shigo da su a ɓoye a ƙarshen Yaƙin Duniya na Farko, aka sake bin hanyar nan, a 1922 aka gama da shi. Wannan ita ce dokar kare da ba mai musun ta yi aiki a Ingila.

Abin Da Ya Shafi Ƙasar Nan

Abin da Ingila ta gama da shi a 1922 shi ne babban haɗarin kare a Nijeriya da maƙwabtanta har yau. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta ciwon haukan kare na kashe mutum wajen 59,000 kowace shekara, yawancinsu a Afirka da Asiya, kusan duka ta hanyar kare, kuma wajen kashi 40 cikin ɗari yara ne da ba su kai shekara 15 ba. Ciwon bai san karen Turawa ko na gida ba. In alamunsa suka bayyana a jikin mutum, da wuya ƙwarai a tsira. Masana sun ce in aka yi wa kashi 70 cikin ɗari na karnukan gari allura, ciwon zai daina yaɗuwa. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom kusa da Jos, wadda aka kafa a 1924, tana yin wannan allura ta karnuka.

Saboda haka duk mai kare, na gadi ko na farauta ko na kiwo, ya kai shi wurin likitan dabbobi a yi masa allura, ya adana takardar, ya kuma tambayi ranar da za a sake. Ya ɗaure shi da rana, musamman lokacin da yara ke zuwa makaranta da lokacin da awaki da tumaki ke haihuwa. Kada a bar ƙaramin yaro shi kaɗai da kare, kome sabo. Wanda zai sayi babban karen ƙasar waje ya fara duba katangarsa da ƙofarsa da abincin da zai iya saye, ya kuma tabbata akwai wanda zai iya riƙe shi in ya fizga. Yunwa da duka da ɗauri cikin rana ba su ƙara wa kare iya gadi, sai dai su mai da shi abin da mai shi ma ba zai iya da shi ba.

In kuwa tsautsayi ya faɗa, kare ya ciji mutum ko ya yakushe shi, a wanke wurin nan da nan da ruwa da sabulu har minti 15, sa'an nan a tafi asibiti a ranar, kada a tsaya jiran a ga abin da zai faru. A kuma sanar da likitan dabbobi don a tsare karen a duba shi.

Mutanen Ingila suna nan suna auna karnuka da magwaji, gardamarsu kuwa ba ta ƙare ba. Amma dokar 1871, da ta manoma ta 1953, da umurnin Walter Long, da ɗaurin shekara 14 na 2014, duka wuri guda suka nufa, watau hannun da ke riƙe da igiya. Kare ba ya zuwa kotu, ba ya biyan diyya. Mai shi ne zai tsaya gaban alƙali, shi ne kuma zai haɗa ido da maƙwabcin da aka ciji ɗansa.